Hannun Yaya

Shekara talatin yayana yana gyaran mota, ban taɓa ganin ya nemi na'ura ba. Idan inji yana misin, wato wata silinda ba ta cin wuta, sai ya rufe ido, ya ɗora tafin hannunsa a kan injin, ya ce, "Kwayil na uku ya yi sanyi." A kwance kwayil ɗin, wato abin da ke ba silinda wuta, a tarar haka ne. Da wannan hannun ya ciyar da mu bayan rasuwar Baba, har ya sa ni makaranta.

Ni ne na kawo kwamfuta garejin. Na yi masa bayani: ƙwaƙwalwar mota tana bin juyin karanshaf, wato sandar da silindoji ke juyawa, duk silindar da wutarta ta yi rauni sai juyin ya ɗan yi tuntuɓe, ita kuma ta rubuta lambarta, a jona kwamfuta ta karanto. Ya yi dariya ya ce, "Ashe ita ma taɓawa take yi. To, a gaishe ta."

Bara sai muka fara saɓani. Sai ya ce kwayil na biyu ne, kwamfuta ta ce lafiyarsa ƙalau. Ya canza kwayil masu kyau a mota huɗu, masu motoci suka fara kewaye shi suna nemana. Ni kuwa, da baƙin taurin kaina, na ƙudura sai na nuna masa.

Wata safiya wata malama ta kawo motarta. Janaretan mai walda na maƙwabta yana ta ruri, ba ka jin komai. Yaya ya rufe ido ya ɗora hannu. Na zagaya a hankali na kashe motar, na zare makulli.

Ya daɗe a tsaye. Sannan ya ce, "Tana misin sosai. Zo ka ji yadda take rawa."

Sai a lokacin na dubi hannun da kyau. Yatsunsa ne ke karkarwa a kan ƙarfen da ba ya motsi. Na so in ɓoye makullin, amma ya riga ya buɗe ido ya gani.

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya cusa hannun a aljihu ya ce, "Tun azahar ɗin wata rana na lura, cokali ya faɗi daga hannuna. Kada ka gaya wa yayarka, matata, a gida tukuna."

Yanzu yana zuwa gareji kullum, ya zauna a benci. Jiya wata mota ta shigo tana rawa, kowa ya ga kwayil ne. Na ce, "Yaya, zo ka taɓa mana."

Ya ce, "Jona kwamfutarka, ƙanena."