Kwalbar da Inna ta binne

Salamu alaikum ƴan uwa. Wata bakwai ban rubuta komai a nan ba.

Malam, maigidana, lafiya lau. Yara uku lafiya, sai Rabi mai tari. Ni na tashi. Inna, mahaifiyata, ita ce ba lafiya, kuma ba jikinta ke ciwo ba.

Ni da ciwon kai abin ya faro mini, sai amai da safe. Rannan ina daka, taɓarya ta suɓuce daga hannuna na dama, na faɗi. Daga Dakoro aka tura mu Maradi, daga Maradi sai Yamai. Hoton sikana, na'urar duba cikin kai, ya nuna ƙari a ƙwaƙwalwa. Malam ya sayar da bijiminsa, aka yi mini aiki.

Ina kwance ban san inda nake ba, wani ma'aikaci ya miƙa wa Inna kwalba da tsokar da aka ciro daga kaina, da takarda. Ya yi magana da Faransanci, ya wuce.

Inna ba ta taɓa shiga lakol ta yi boko ba. Abin da ta sani, duk abin da ya fita daga jikin ɗan Adam binne shi ake yi. Ta naɗe kwalbar a zane, ta kawo Dakoro, ta binne gindin itacen bedi, inda mabiyyar ƴaƴana take. Har addu'a ta yi.

Da na koma asibitin Yamai, lokotoro, wato likita, ya ce, "Hajiya, ina sakamakon labo?"

Na ce, "Wane labo?"

Ashe wurin gwaji za a kai kwalbar. Ya ce ƙari hawa-hawa ne, akwai mai sauƙi, akwai mai dawowa, kuma tsokar ce kawai ke faɗa. Malam ya tono kwalbar. Marfin ya tsage, ruwan ya tsiyaye, babu abin gwadawa.

Ba da Inna nake fushi ba. Kalma nawa ce a ce da tsohuwa, "Iya, kai wannan ɗaki kaza"? Mutumin nan da ya ba ta kwalbar da Hausa yake cinikin goro a bakin ƙofa, Malam ya ji shi! Ni da na koyi karatu ina da ƴaƴa uku, da na farka da na haɗa baƙaƙen takardar nan ko zan kwana ina yi.

Yanzu Inna ba ta cin abinci. Sai ta ce, "Hadiza, ni na kashe ki." In ce, "Inna, ga ni ina shara!"

Alhamdu lillahi hannuna ya dawo. Na gode wa duk wanda ya yi addu'a. Don Allah, in an ba ku kwalba ko takarda a asibiti, ku riƙe rigar mai ba ku sai ya faɗa da Hausa.

Ga roƙona. Kafin aikin, wata ɗaliba mai tabarau ta zo da takarda, Hausarta irin ta Tasawa. Ta ce tana kwatanta tsokar ƙari mai sauƙi da mai tsanani da ta lafiyayyar ƙwaƙwalwa, ta roƙi ɗan yanki ta aje a sanyi. Na yarda, da hannuna na rubuta sunana. Lokotoro ya ce in yankin na nan, za a iya gwada shi. An ce ta canza wurin aiki.

Litinin zan koma Yamai, ranar za a yanke shawara ko a yi mini gashin ƙari da na'ura. Wanda ya san ɗalibar nan ya amsa mini kafin Lahadi. Ina so in san abin da zan gaya wa ƴaƴana, kuma Inna ta tashi daga gindin bedin nan ta ci tuwo.