Ƙofar da Nake Tsallakewa

Tun da 'yan bindiga suka fara shigo mana daga dajin Kamuku, dattawan cocinmu suka hana kaɗa ƙararrawa. Ƙararrawar ma wani tsohon ƙarfen tayar mota ne a jikin mangwaro, amma in an buga shi har bakin daji ake ji, kamar muna ce musu ga mu nan mun taru. Sai aka ce kowane mako a canza lokacin sujada, a samu mai bi gida-gida da safiyar Lahadi yana faɗa. Wa za a ba in ba ni ba? Kowa ya san ƙafata ba ta gajiya, bakina kuwa ya fi ƙafar.

Ina son aikin, ba zan ɓoye ba. In ɗaura zanen zumuntar mata in bi lungu-lungu: "Gafara dai masu gida! Yau ƙarfe takwas ne, kada a ce ban faɗa ba." Amma akwai ƙofa ɗaya, ta ƙarshe wajen rafi, da nake wucewa kaina a sama.

Matar gidan 'yar zumuntarmu ce, a da tare muke waƙa. Mijinta ne aka ce yana kai wa mutanen daji labari. Makon da aka ɗauke ƙanena a hanyar gona, a makon mijin ya ɓace ya bar ta ita kaɗai. Ƙanena har yau bai dawo ba. To ni ce zan je in yi mata sallama? Allah ya kiyaye! Ta daina zuwa coci, ba wanda ya tambaya, ni kuwa daɗi ma na ji.

Wata Lahadi Baba Fasto, tsohon da ya ƙi tafiya lokacin da masu hali suka koma Birnin Gwari, ya yi wa'azi kan halin mai yi wa Mulkin Allah hidima. Ya ce hali nagari ba a kan bencin coci ake gane shi ba, sai a ƙofar maƙwabci. Ya ce ɗan aike ba ya rage saƙo, wanda aka aika kira kuma ba shi ke zaɓen wanda ya isa a kira ba. Ko sau ɗaya bai dube ni ba, rashin duban nan ne ma ya fi ƙona min rai.

Ana tashi na tare shi. "Baba, in da ni kake, ka fito fili."

"Da ke nake, 'yata."

"Ƙanena fa?"

"Da hannuna na yi masa baftisma, ni ma na yi kukansa. Amma ita matar ce ta ɗauke shi? In aikin ya fi ƙarfinki ki faɗa, sai in ba wani."

A ba wani, ina raye? Kwana shida ina faɗa da tsohon nan a zuciyata, har tuwo na ƙona. Sai dai na san gaskiya ya faɗa. Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, mijin ne ya ɗebo. Na ce ko zuciyata za ta fashe sai na taka ƙofar.

Da Lahadi ta zo na gama da sauran gidaje na nufi rafi. Ciyawa ta cinye hanyar gidan. Na ce "Gafara dai!" da murya kamar ta mai neman faɗa, na ɗaga asabari. Tana zaune a tabarma, ta rame ƙwarai, ta yi wanka, zanen zumunta a jikinta, takalma jere a gabanta.

Na ce, "Ina za ki haka?"

"Ba inda za ni, Yaya. Kowace Lahadi haka nake shiryawa. Nakan ji muryarki a gidan can, in ji lokacin, amma ba ni aka faɗa wa ba."

Kunya ta kama ni. Na ce, "Ƙarfe tara ne. Ke nake faɗa wa. Sa takalmanki."

Da muka shiga coci, matan bencinmu suka ja jiki gefe, wata har da tsaki. Na watsa mata harara, na zaunar da matar a wurina. Ban yafe wa mijinta ba tukuna, ina kan roƙon Allah a kan wannan. Amma da aka ɗauko waƙa sai na riƙe hannunta, ban saki ba har aka yi addu'ar tashi.