Jirgin Muddassir Mai Komawa Gida

Tun Muddassir yana ƙarami yayarsa Biba ta san bakinsa ya fi hannunsa aiki. A garin Sarkin Hausa aka haife su, gidan manoma, amma shi ko sau ɗaya hauya ba ta yi masa kanta ba. An kai shi lakol a Mayahi don karatun boko, ya bari. Ya koyi gyaran moto, ya bari. A ƙarshe ya kafa rumfar gyaran salula bakin kasuwar Mayahi, wayoyin mutane na shiga da ciwo ɗaya su fito da biyu. Tuwon dare kuwa kullum gidan Biba.

Wata shekara ya je Yamai ya dawo da ɗan jirgi mara matuƙi, irin na tsere, bai wuce faifai ba. Abin yana da gudu, Muddassir kuma ba ya da hannu. Kowane tashi sai ya ƙare cikin hatsin wani ko saman gawo. Maimakon ya koyi tuƙi, sai ya ce jirgin ne jahili. Ya sa aka kawo masa wata 'yar na'ura mai jin maganar tauraron ɗan Adam, ya zauna a rumfa ya liƙa ta da dalma.

"Yaya Biba, yanzu ya san gida," in ji shi. "Maɓalli guda zan taɓa ya dawo da kansa."

"To, ya fi ka ke nan," ta ce, ta ci gaba da tankaɗe.

Ranar sunan ɗan ƙanensu Lurwanu duk suka tafi Sarkin Hausa. Bayan an ci abinci Muddassir ya tara jama'a a fili, yana ta zuba faransanci, rabi ma ba daidai ba. Jirgi ya tashi da ƙara kamar zuma, ya zaga rumbuna, tsofaffi na salati. Sai ya ɗaga yatsa sama don kowa ya gani, ya danna maɓallin.

Jirgin ya tsaya cak, ya juya, ya miƙe sak wajen Mayahi. Ashe rumfarsa ce gidan da ya nuna masa ranar gwaji, bai kuma canza ba. Batirin kuwa ko rabin hanya ba zai kai ba.

Muddassir ya tattare riga ya bi shi a guje cikin gonaki yana ihu, "Tsaya! Tsaya!" Biba ta ja mayafi ta rufe fuska, ba don kunya ba, don kada surukai su ga dariyarta.

Sai da aka yi girbi wani manomi, Sale, ya tsinci gawar jirgin, ruwan damina ya gama da shi. Ya aiko da shi cikin amalanken kara. Muddassir ya jujjuya shi gaban masu zaman rumfa, ya ce ai ranar taurarin ne ba su fito aiki ba.