Goggo Dije da Lambun Bayan Masallaci

Duk wanda ya taɓa tafiya da Goggo Dije a Getso ya san ba ta duban gabanta, ƙasa take duba. Kashin shanu take nema. Akwai wani tsohon buhu da take naɗewa a ƙarƙashin hijabi, duk inda saniya ta yi aikinta sai ta tsaya ta yi bisimilla ta kwashe. Ku da muke Islamiyya tare kun san wannan, amma ku daga nesa kuke dariya. Ni 'yar ƙaninta ce, ni ake miƙa wa buhun.

Ranar bikin wata 'yar uwarmu a Kutama na ci ado, leshi sabo, turare har na fitar hankali. Saura kaɗan mu shiga gidan, sai ga garken shanu ya gifta. Goggo ta ja ta tsaya.

"Hansai, riƙe min bakin buhun nan."

"Haba Goggo, gidan biki fa za mu shiga."

"To sai me? Na ɗanyar ciyawa ne, dubi kyansa. Riƙe."

Haka na shiga gidan mutane da buhu a hannu. Uwar amarya ta taro ni da fara'a, ta karɓe tana cewa, "Har da ɗawainiya haka, Hansai? Allah ya bar zumunci." Kafin in buɗe baki ta shige da shi ɗaki. Har yau in mun haɗu gaisuwarmu gajera ce.

Lambun kuwa kun tuna yadda ya faro. Shekarar da kayan miya suka yi tsada, takin zamani ya gagari kowa, Malam Liman ya ce a wajen karatu filin bayan masallaci waƙafi ne, kuma yana zaune ciyawa na cinsa. Goggo ta ɗaga murya daga bayan labule ta ce mata sun karɓa. Ba ta shawarci kowa ba. Aka tsayar cewa abin da ya fito za a fara kai wa gidajen marayu, sannan masu aiki su raba saura. Sunan da ta fara kira nawa ne, ni da na tashi a birni, sana'ata suyar awara, abin da na sani game da yakuwa shi ne tsaminta.

Ta sa ladan ya haƙa rariya daga wurin alwala zuwa lambun, ta kafa wa maza doka ban da sabulu. Da bazara ta yi zafi ganye ya fara langwaɓewa, sai ta tare Liman a ƙofar gidansa.

"Malam, mazan unguwar nan sun rage zuwa Azahar."

"Goggo, ke da ba kya shiga sahunsu, ta ina kika sani?"

"Alayyahuna ne ya nuna. Ruwa ba ya isowa ƙarshen rariya."

Juma'ar nan huɗuba a kan sallar jam'i aka yi ta. Maigidana ya dawo yana mita, wai an tona musu asiri saboda ganyen miya.

Ni kuwa ta yanka min ɗan fili a gefe, ta ce in kula da abin da ya tsiro. Na dage. Safe da yamma ina ban ruwa, ina zuba taki da hannuna, ni da da can ko warinsa ba na so. Shuka ta tashi kore shar, ta fi ta kowa tsawo. Har na fara ba abokan aikina Asabe da Larai shawara a kan yadda ake lambu, su kuma suna ta sunkuyar da kai, na ɗauka kunyar ilmina suke ji. Da na ga ya isa yanka, na kira Goggo ta zo ta gani.

"Goggo, wannan miyar me ake yi da shi?"

"Ba a yi. Rai-ɗore ne. Ko akuya ba ta ci."

"Kin sani tun farko?"

"Tun yana ganye biyu."

"To me ya sa kika bar ni ina ta wahala?"

"Ban ruwa kike koyo. Da kuɓewar gaske na ba ki, da tuni mun yi mata ta'aziyya."

Ranar ta ba ni irin kuɓewa daga cikin ƙwaryar da take adana shi da toka, ta ce in na kashe in nemi wata goggon.

A kan iri ba ta da uba ba ta da malami. Duk kabewar da ta fi girma, duk kuɓewar da ta fi kyau, sai ta ɗaura mata tsumma, ma'ana ta iri ce, hannu kul. Wata rana Liman ya yi baƙi daga Gude, ya aiko a ba shi babbar kabewar nan. Goggo ta ce a gaya masa uwa ce, ita za ta haifa mana na baɗi. Ya sake aikowa da lallashi. Sai ta fasa ta, ta kwashe 'ya'yan tas ta shanya a faifai, ta ba ni ɓarin biyu in kai.

"Ki ce masa ga gidan nan, masu gidan suna wurina."

Na kai kamar yadda aka aike ni, saƙon ma ban rage ko kalma ba, gaban baƙi. Liman ya yi dariya har rawaninsa ya karkace. Ni ce dai na rasa inda zan sa fuskata.

Azumin shekarar, babu gidan marayu a unguwarmu da aka sha ruwa da miya lami. Ni da kaina na kai wa Inna Ramatu kwandon rama da tattasai, ita da jikoki marayu cike da ɗaki. Ta rungume kwandon tana ta sa albarka. Da na ba Goggo labari cewa ta yi, "Kin dawo da kwandon dai ko?"

Da ciwo ya kwantar da ita na je dubiya. Ta rame ƙwarai, murya da ƙyar. Ta kamo hannuna ta juya tafin, ta shafa kantar da fartanya ta yi min, ta daɗe tana shafawa.

"Kin fara," ta ce. "Amma an ce ramar da kika shuka ta yi cunkoso. Ki rage."

Maganarmu ta ƙarshe ke nan. Washegari na je na rage, ina yi hawaye na zuba.

Allah ya jiƙan Goggo Dije, ya yafe mata, ya sanyaya makwancinta. Duk lomar da wani yaro ya ci daga lambun nan, Allah ya kai mata ladanta. Mu kuma in tamu ta zo, ya sa mu cika da imani.