Gaisuwar Da Ta Hana Kawu Barewa Kofi

Ku da kuka san Kawu Mamman Barewa, wa ya taɓa ganinsa tsaye cak? Ko cinikin albasa yake a kasuwar Bodinga yana sassarfa wuri guda, ga takalman kambas rataye a wuya. Tun yana Midil a birni wani Bature ya ba shi su, bai taɓa sa su ba. Na ce, “Kawu, ga ƙaya ta gama da ƙafarka, ka sa mana.” Ya harare ni. “Kai wawa na? Ƙahwa in ta tsage tana warkewa. Takalmi hwa?”

To, ciwon da ya ci shi har ya koma ga Allah, ai kun sani, kofin tsere ne. Zamanin Turawa aka haɗa ’yan makarantu tseren dogon zango, Kawu ya ba kowa rata, har ana hango tuta. Sai ga malaminsa na allo bisa jaki. Kawu ya ci birki, ya zube ƙasa. “Allah gafarta Malam!” Malam kuwa ba ya gaisuwar gaggawa. Ya tambayi gida, ya tambayi damina, ya tambayi gero, sannan ya ɗaga hannu ya kama addu’a. Ana cikin amin Altine, wani siririn yaro mutumin Shagari, ya wuce fuu, ko kallo bai yi musu ba, ya ɗauke kofi. Baturen makaranta ya yi ja kamar barkono. Kawu kuwa har ya mutu maganarsa guda: “Altine ba gudu yaf fi ni ba, rashin kunya yaf fi ni.”

Daga nan ya ajiye gudu ya kama noma, ya ce sai ranar da babu wanda zai durƙusa wa tsakanin Bodinga da Shagari. Wallahi ba sharri nake masa ba: duk dattijon da ya rasu, Kawu zai yi ta’aziyya da hawaye shaɓe-shaɓe, amma kashegari da asuba sai ka gan shi a fadama yana motsa ƙafa. Da furfura ta fito sosai sai ya koma gudu gadan-gadan, ga tumbi, ga haki kamar zugazugi. Matarsa Inna Hajo ta ce, “Mutane na gudun masu haraji, kai mi kake gudu?” Ya ce, “Altine.” Ta ce, “Shi ya san da kai?”

Ashe ya sani! Kawu ya aika masa, ya kuwa zo. Aka ja layi bakin kasuwa, sai Shagari. Kawu ya fita kamar an harba kibiya, mu muna biye bisa jakuna. Ƙauyen farko, sai ga magidanta reras bakin hanya, suka zube. “Sannu Baba! Ina gajiya?” Innalillahi! Ya manta yanzu shi ne babba, kuma babba ba ya wuce gaisuwa bai amsa ba. Ya tsaya yana sassarfa. “Lahiya lau. Ina gida? Ina ɗiya? Ina mai jiki?” Ƙauye na gaba har da fura suka kawo. Daga baya muka ji Altine ne ya bi ƙauyukan tun ana gobe, ya ce dattijo zai wuce, kada su yi abin kunya.

Muka iske Altine gindin tsamiya a Shagari, ya yi wanka, yana sakace. Ya ce, “Mamman, ka gaisa da mutane?” Kawu ya ce, “Na hwaɗa muku, rashin kunya ta!” Ya kuma ce a sake baɗi.

Baɗin bai same shi ba. Da aka ɗauki makara aka yi sauri kamar yadda aka saba, mutane suka dare hanya, babu wanda ya tsayar da shi. Altine na can baya yana ɗingishi, hawaye har gemu. Wani ya ce a rage sauri ya cim mana. Altine ya ce, “A’a, ku bar shi shi tahi. Yau ya riga ni.”

Takalman na nan wurina, fes. Allah Ya jiƙan Kawu, Ya sa mala’iku su tare shi da sallama. Na san zai tsaya ya amsa.