Ƙusar Ƙarshe a Bangon Inna Adama

Mahaifiyata, Adama mai alkaki, ba ta taɓa kiran sunana ba har ta koma ga Mahaliccinta. Ni ce 'yar fari. In tana nemana sai ta ce "ke", in tana ba da labarina sai ta ce "yarinyar nan", ko bayan na tara 'ya'yana. Ban taɓa jin zafin wannan alkunya ba sai sau ɗaya, kuma a kan alkaki ne.

Gidanmu yana cikin garin Daura, ba nisa da rijiyar Kusugu. Baƙo ba ya buƙatar kwatance, hancinsa ke kawo shi, don ƙamshin man gyaɗa da dafaffen sukari yakan tari mutum tun daga bakin lungu. Inna gajeruwa ce, ga saurin fushi, ga saurin hucewa. Hannayenta duk tabon fantsamar mai ne. Ta gaji sana'ar daga kakarta, kuma ta riƙe ta da taurin kan da ko Babanmu ya haƙura da shi.

Shi alkaki ba ya son gaggawa. Sai an jiƙa alkama, an surfa, an shanya, an ɓarza, an murje ta da mai, an kwaɓa da ruwan tsamiya, sannan a rufe a bar shi ya kwana ya tashi don kansa. Bayan nan ne za a zauna naɗi ɗaya bayan ɗaya, a soya, a tsoma a ruwan sukari. Wanda ya matsa masa zai ci dutse. Shi ya sa watan Sha'aban ya zame wa Inna abin fargaba, domin kowa so yake ya aurar da 'yarsa kafin azumi. A shekarun da aka fara shari'a kuwa abin ya ƙaru. Kiɗan biki ya ja baya, walima ta shigo, sai mata suka mai da duk gasarsu kan gara, wato kayan abincin da dangin amarya ke kai wa gidan ango. Garar da ba alkakin Adama a ciki, a wancan lokacin, sai a yi ta ƙus-ƙus a kanta.

Dabarar da Inna ta yi wa wannan turmutsitsi ita ce ƙusoshi. A jikin bangon rumfarta ta kafa su a jere, iya aikin da hannunta zai iya fitarwa kafin a ga wata. Duk mai son alkaki za ta kawo alkamarta da manta da sukarinta, ta bar kwallarta, a ɗaura wa murfin igiya a rataye a ƙusa. Yadda murafan suka jeru, haka aiki zai bi. In ƙusoshi suka cika, to an rufe, ko matar wa ce. Na sha ganin hajiyoyi da gwala-gwalai suna magiya, Inna tana juya mai ko ɗago kai ba ta yi.

"Hajiya, ba a fafe gora ranar tafiya," in ji ta. "Duba bango. In kin ga wuri, rataya."

Amma muddin da sauran ƙusa, ba ta iya cewa a'a. Ko gawa ce ta kawo murfi za ta karɓa.

Cikin masu rataya murfi akwai Dorothy, matar Boniface mai sayar da kayan gyaran mota. Lokacin da wasu 'yan uwansu suka tattara suka koma gida saboda zaman ɗar-ɗar na farkon shari'a, su zama suka yi. Duk watan Agusta takan je garinsu taron mata, kuma tsarabarta alkaki ce, ɗan kaɗan a ƙaramar samira. Mu Maman Chizaram muke kiranta. Ita kaɗai ce a duniya ke tsayawa a tsakar gidanmu ta ƙwala kira, "Maman Zubaida!" Inna ta sunkuyar da kai kamar an kama ta da sata, ta ce, "Wannan mata ba ta da ta-ido." Amma ba ta taɓa hana ta ba.

Shekarar da aka sa ranar aurena da Saminu, ɗan garin Sandamu, Sha'aban ya faɗo tsakiyar damina. An tsayar da biki sai bayan Sallah, saboda haka hankalinmu kwance. Itace jiƙaƙƙe, hayaƙi ya cika rumfa, alkama ba ta bushewa sai an yi ta wasan ɓuya da hadari, murafai sun cika bango saura ƙusa ɗaya tak. Ran nan da hantsi sai ga Maman Chizaram tana haki, da ƙatuwar kwalla a ka, mai kura na biye da ita da buhun alkama da mai da sukari.

"Ikon Allah," in ji Inna. "Ina samirar taki? Bana duk garin naku za ki ciyar?"

"Maman Zubaida, bana muna da baƙi da yawa. Ki yi mini mai kyau, wanda ba ki taɓa yin irinsa ba."

Ta rataye murfin da hannunta. Inna ta daɗe tana kallon murfin nan.

Washegari dangin Saminu suka zo wurin Baba da roƙon a matso da biki, suna son su shiga azumi da amarya. Maza kuwa, me suka sani game da kwanan kwaɓi? Baba ya ce Allah ya sa alheri. Shinkafa da mai da gishiri duk ya tanada. Gwaggo Hadijatu, ƙanwarsa, ta ɗauki nauyin nakiya da dubulan. Alkaki kaɗai ya rage, ga bango ya cika.

Ni dai na san abin da ke jirana. Tun da aka sa rana matan Sandamu ke tsokanar uwar Saminu, wai ta yi dace, za ta ci alkakin Adama har ta ture. Yanzu a buɗe garar 'yar Adama a tarar babu, ko a tarar da na kasuwa? Wannan gorin har jikokina sai sun sha shi.

Gwaggo ta zo ta tsaya a kan Inna. "Adama, gida bai ƙoshi ba a kai wa dawa? Ki sauke murfi ɗaya mana. Ko na matar nan, ai ita ba aure za ta yi ba."

"Murfin da ya hau ba ya sauka sai da alkaki a ƙarƙashinsa."

"To kafa wata ƙusar!"

"In kafa wa wa? A ce na kori 'ya'yan mutane na buɗe wa yarinyar nan wuri? Da wane idon zan kalli gari?"

Ina ɗaki ina jin su. Wallahi ranar na yi kuka har kaina ya yi ciwo. Na ji haushin Inna, na ji haushin ƙusoshi, amma wadda na fi jin haushi ita ce Maman Chizaram, da ta rasa ranar kawo ƙatuwar kwallarta sai jajibirin ranar da nake buƙata. Ta shigo gidan na ƙi gaishe ta.

Abin da ya ƙarasa ni shi ne ranar da layi ya zo kanta, ana jibi za a kai ni. Ina zaune da lalle a ƙafa, na ga Inna ta tsince alkamar nan tsaf, washegari da kwaɓi ya tashi ta sauke tsohon mai ta ɗora sabo. Naɗin ma ƙanana ta yi, masu wuyar yi, irin waɗanda nake so tun ina yarinya. Sannan ta shiga ɗaka ta fito da tulun zumar da wani ɗan uwanta ya kawo mata daga garin Babban Mutum, wadda ko mura muke yi ba ta ba mu fiye da cokali. Ta juye ta kaf a tukunya. Na ce a raina, lallai, bare ya fi ɗan gida.

Ranar kai gara da safe, mata sun cika gida, Gwaggo tana ta ƙunƙuni tana jera kaya, sai muka ji, "Maman Zubaida!" Inna ta sauke murfi daga ƙusa, ta rufe kwallar, ta tura mata. Maman Chizaram ta buɗe, ta ɗauki ɗaya ta gutsura, ta lumshe ido.

"Yanzu wannan nawa ne, ko ba nawa ba?"

"Naki ne mana."

"In yi yadda nake so da shi?"

"Ko a kwata kika zuba, ba ruwana."

Sai ta kira mata biyu suka kama mata, suka ɗauki kwallar suka dire ta a tsakiyar kayan garata. Gida ya kaure da guɗa. Ashe Ya'u direba, kawun Saminu, shi ya je sayen kaya shagon Boniface ya yi suɓutar baki cewa gobe za su zo a matso da biki. Ita kuwa ta san ƙawarta. Ta san Inna za ta ba wa duk wadda ta fara shigowa ƙusar nan, amma ba za ta taɓa rataya murfin 'yar fari da hannunta ba. A shekarar, hannu rabbana ta je garinsu, ba tsaraba.

Inna ko murmushi ba ta yi ba. Ta ce, "Aikin banza, kin sa na ɓata itacena," ta shige rumfa tana goge ido, wai hayaƙi ne.

A Sandamu an yi wata guda ana zancen alkakin nan. Ni kuma na riƙe a raina cewa Maman Chizaram ce ta fitar da ni kunya, Inna kuwa dokarta ta fi mata ni. Zumar ma na zata Maman Chizaram ce ta saye ta a wurin Inna. Haka na ɗauka shekara da shekaru.

Da Inna ta rasu, Maman Chizaram ta zo gaisuwa, ta tsufa, suna shirin komawa garinsu gaba ɗaya. Muka zauna a rumfar. Murhu ya mutu, ƙusoshin suna nan sun yi tsatsa, ba wanda ya iya cire su. Na sake yi mata godiya, na ce har yau ban manta da ita ba, ga alkama, ga mai, ga uwa-uba zuma.

Ta juyo ta dube ni. "Wace zuma?"

"Ta alkakin garata."

"Zubaida, ni sukari na kawo. Washegarin bikinki mamanki ta aiko mini da abina, ko buɗe shi ba ta yi ba."