Malam Hambali da Ruwan Sannu

In ka ga Malam Hambali a tashar bas ta Stapleton, unguwa a wani tsibiri na birnin New York, riƙe da jakar abincinsa, za ka rantse bai taɓa yin abin da ya isa a ba da labari ba. Shekara ashirin da ɗaya ke nan da ya bar Rano. Ya ja tasi har bayansa ya ce ya gaji, sannan ya samu aiki a wani asibiti, yana tura gadajen marasa lafiya daga wannan hawa zuwa wancan. Likitoci ba su san sunansa ba. Tsofaffin da ke kan gadon sun sani, don shi kaɗai ke rage gudu in an zo kwana.

Matarsa Hasiya ta rasu shekara uku da suka wuce, ta bar masa 'ya ɗaya, Rahina. Yarinyar tana jin Hausa tsaf, amma amsa sai da Turanci. Da can Hasiya ce ke haɗa hirarsu. Da ta tafi, sai gidan ya yi tsit: shi ya yi tambaya, ita ta jefo kalma biyu, ƙofa ta rufe. Ko sunan marigayiyar ba sa ambata a gaban juna.

Ana cikin haka Rahina ta sayo hawainiya.

Hawainiya fa! A Rano in yara suka hango ta a kan reshe, gudu suke yi har takalmi ya fita, wai yawunta na sa kuturta.

"Rahina," in ji shi daga bakin ƙofa, "kyanwa ta ƙare a garin nan ne?"

Ta ce da Turanci wannan ba ta da surutu. Ta raɗa mata suna Sannu, ɗaya daga cikin 'yan kalmomin Hausar da ta yarda su fito daga bakinta.

Da ta samu jami'a a Buffalo aka ce ba a shiga ɗakin kwanan ɗalibai da dabba. Ta nuna wa uban fitilar keji, ta nuna masa robar gyaren da ake ciyar da ita. Sai a tasha, ƙafarta ɗaya a cikin bas, ta tuna abu na ƙarshe. Ta juyo ta kama hannunsa.

"Mist her every day, Baba. Promise."

To, a Turanci, kalmar fesa ruwa, "mist", da kalmar kewa, "miss", harafi ɗaya ya raba su, kuma yaran New York haɗiye wannan harafin suke yi kamar ƙwayar magani. Ita cewa ta yi ya riƙa fesa wa Sannu ruwa. Shi kuwa abin da ya ji, ya riƙa kewarta kullum. Wa kuma zai yi kewa in ba Hasiya ba? Shekara uku yana jiran yarinyar nan ta taɓo maganar uwarta.

"Kullum," ya ce. "Wallahi kullum."

Ya kuwa riƙe amanar yadda ya san riƙon baƙo. Ya samo ɗan kwanon tangaran na Hasiya, yana cika shi da ruwa kowace safiya, ya tura cikin keji da cokalin miya don kar hannunsa ya matsa kusa. Kwalbar feshin da ya tarar a gefen kejin kuwa ya ɗauke ta, ta yi masa amfani wajen guga.

Bayan mako biyu Sannu ta yi duhu, ta daina hawa reshe. Ya nuna hotonta ga abokinsa Moro, mutumin Kumasi mai kanti a Port Richmond.

"Malam, wannan abu ba shi da ciwo," in ji Moro. "Ya canza kala, ya yi nawa. To aikin hawainiya mene ne? Sai ran da ka gan shi yana gudu, ka kira ni mu gudu tare."

Maganar ta zauna masa, ya ƙara kwana huɗu. Duk sanda Rahina ta turo saƙo tana tambaya, sai ya rubuta mata lafiya lau.

Ran Asabar da hantsi ya tarar da ita a ƙasan keji, idanun nan masu juyawa sun faɗa ciki. Wannan kam ya san shi. Ya sha ganin irin idon a kan gadajen da yake turawa.

Ya fara buga waya. Asibitin dabbobi na farko suka ce karnuka da kyanwoyi kawai. Na biyu suka ce likitan da ya san irin waɗannan sai Laraba. Na uku matar ta sa ya maimaita sunan dabbar sau uku, sannan ta ce ya gwada Manhattan. A na biyar, can Manhattan ɗin, aka ce ya zo yanzu, kuma kar ya bari sanyi ya taɓa ta.

Ya yi bismilla, ya rufe ido, ya sa hannu. Ashe ba ta da nauyin komai. 'Yan yatsunta suka damƙe babban yatsansa da ɗan ƙarfin da ya rage. Ya sa ta a kwalin takalmi da gorar ruwan ɗumi naɗe cikin safa, ya cusa cikin kwat. Haka ya hau jirgin ruwa, haka ya shiga jirgin ƙasa, yana kare ƙirjinsa da gwiwar hannu kamar mai ɗauke da ƙwai.

A ɗakin jira wata nas ta leƙo ta ce, "Sannu?"

"Yauwa, sannu kadai," in ji Malam Hambali. Sai da ta sake kira ya gane ba shi ake gaisarwa ba.

Likitar ta ɗaga fatar gefen cikin, fatar ta ƙi komawa. Ta tambaye shi sau nawa yake fesa mata ruwa a rana. Ya ce ai ga kwano nan, bai taɓa fashi ba. Ta yi masa bayani a hankali: hawainiya ba ta san ruwan kwano ba, ɗigon da ke gangarowa a ganye take lasa. Ta ɗauko kwalba irin tasa ta guga, ta fesa a iska, ta faɗi kalmar. Ita ba ta haɗiye harafin ba.

Malam Hambali ya nemi kujera ya zauna.

Aka yi wa Sannu allurar ruwa a ƙarƙashin fata. Likitar ta ce ƙodarta ta wahala, ba za ta yi masa alkawari ba, amma da ya kai Laraba da ba wannan maganar ake yi ba.

A jirgin ruwa na komawa ya kira Rahina. Bai rage komai ba: kwanon, gugar, lafiya lau ɗin da ya riƙa rubutawa, da abin da ya ji a tasha.

"Na zaci mamanki kike nufi," ya ce. "Shi ne na yi rantsuwa."

Sai ya ji tana jan hanci. Ta ce da Turanci ita ma kullum take kewarta, ta zaci shi ne ba ya so a yi maganar. Sannan ta tattaro Hausarta, ta jera ta ɗaya bayan ɗaya.

"Baba, kin yi ƙoƙari."

Namiji mai furfura a gemu aka ce wa "kin". Bai gyara mata ba.

Sannu ta rayu, sai dai ba ta ƙara hawa reshen sama ba. Sau uku a rana Malam Hambali ke tsayawa gaban keji yana yi mata ruwan sama da kwalbar feshin, Rahina na kallo ta waya in ba ta aji. Rigunansa kuwa, tun daga ranar nan da ɗan yamutsinsu yake sa su ya tafi aiki.